Dattin da nake sayarwa: aikin ƙananan jirage masu saukar ungulu

Duk wanda ya shigo shagona a nan Kaduna ya ga jiragen da ke jere cikin gilas, tambayarsa ta farko ita ce wai yana tashi? A'a, ba ya tashi. Ta biyu kuma, to me ya sa ya yi datti haka? Wannan ta biyun ita ce abincina, don dattin nan ni na saka shi da hannuna, kuma wallahi shi ya fi komai cin lokaci a aikin.

Ni asalina mai fentin mota ne, na daɗe ina feshi a gareji har ƙirji ya fara damuna da shaƙar tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, shi ne na koma wannan ƙaramin aiki da na fara kamar wasa. Jiragen a kwali suke zuwa, gutsi-gutsin roba ne a jikin firam sai ka yanko ka haɗa, kamfanoni irin su Zvezda na Rasha da Italeri na Italiya da Revell na Jamus su ke yin su, mu kuma mu yi oda mu zauna jiran kaya muna kallon yadda dala ke wasa da mu. Girman da na fi yi shi ne 1/72 da 1/48, ma'ana an rage jirgin gaske sau 72 ko sau 48. Mi-35 misali, wani jirgin yaƙi mai saukar ungulu ƙirar Rasha, faɗin farfelarsa ta sama ya haura mita 17 kaɗan, to a 1/72 sai ya dawo wajen santimita 24, a 1/48 kuma wajen 36. Masu saye yawanci mutanen sama ne, tunda garin nan akwai sansanin sojan sama ga kuma makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya, wani zai yi ritaya abokan aiki su haɗa kuɗi a yi masa jirgin da ya yi rayuwarsa a kai, wani kuma teburin ofis kawai yake so ya ƙawata.

Haɗawa ba ta da wani labari, gam ne da samfefa da haƙuri. Abu ɗaya dai da nake gaya wa yaran shago kullum, kar sufa gulu ya kusanci gilashin matuƙi, tururinsa kaɗai sai ya mayar da gilashin fari fat kamar mai yanar ido, kuma in ya yi haka sai kankara da gogewa na kwana guda, wani lokacin ma ba ya dawowa. Farin gam na katako muke sa masa.

Fenti kuma nan ne na zo da girman kai na sha ƙasa. Na ce ni da na fesa motoci ba adadi, wannan ɗan abin zai gagare ni? Ranar farko na ɗauko tinar mota na dama fenti na fesa a kan robar kai tsaye, ina kallo jikin jirgin ya yamutse kamar ledar da ta ji wuta. Tinar mota cin irin wannan robar take yi. Yanzu sai na fara shimfiɗa faraima, wato fentin shimfiɗa na farko, sannan fentin da ake sirkawa da ruwa ko da nasa tinar mai sanyi, a tsinka shi ya koma kamar madarar shanu, bindigar feshin kuma 'yar ƙarama ce kamar biro mai allura milimita 0.3, iskar ma kaɗan ake ba ta. Kwamfiresata ta farko injin tsohon firji ce da wani mai walda a Panteka ya haɗa min da tukunyar iska, har yau tana nan tana aiki, ba ta da ƙara, sai dai ta riƙa tofo mai in ba ka sa mata abin tacewa ba.

Yanayin garin nan ma abokin faɗa ne. Da hunturu ƙura ce, ka gama fesa fenti sumul ka juya ka ɗauko wani abu, kafin ka dawo ta zauna a kai, shi ya sa nake yayyafa ruwa a ƙasan shago kafin in fara kuma da na gama in kife jirgin da babbar robar abinci. Da bazara zafi ke busar da fentin tun yana iska kafin ya isa jikin jirgi, sai ya sauka gari-gari kamar yashi, dole ka matso da bindigar kusa ko ka yi aikin da sassafe. Da damina kuma banish ɗin ƙarshe ne yake yin fari-fari saboda laima, na taɓa ɓata aikin sati biyu a daren da aka kwana ana ruwa, tun daga nan in hadari ya haɗu ba na fesa na ƙarshe ko mai kaya na tsaye a kaina.

To yanzu maganar tsufar da jirgi, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan. Lokacin da na fara ganin yadda Turawa ke yi a YouTube sai abin ya shiga raina, na ɗauka yawan datti shi ne gwaninta. Na yi wani Mi-17, shi ma ƙirar Rasha, na zuba masa komai, tsatsa ja a jiki, taɓo har saman rufi, fenti duk ya ɓare kamar motar da ta shekara goma a bakin gareji, ni a raina na gama burgewa. Sai Allah ya kawo wani dattijo shagon, tsohon makanikin jirage ne da ya yi ritaya, ya zo da jikansa kallon kaya. Ya ɗauki jirgin ya juya shi ya juya, ya yi shiru, can ya ce ɗana wannan faɗowa ya yi? Na ce a'a Baba, aiki ya sha. Ya yi dariya ya ce in da jirgina ya kai haka da tuni an kulle ni. Ya ce tsatsar nan daga ina, jikin jirgi alminiyam ne ba ƙarfen tanka ba, ba ya yin jar tsatsa irin wannan. Taɓon nan na sama wa ya kai shi can? Sannan ya sa farce ya nuna min baƙin hayaƙin da na ja miƙe zuwa baya kamar na jirgin fasinja, ya ce ka manta akwai fanka a samansa tana danno iska ƙasa, hayaƙin baya yake yi yana kuma sunkuyowa.

Na ji kunya ba kaɗan ba, amma na jawo masa kujera na aika a sayo lemo, ya fi awa yana min bayani da biro a bayan kwali. Daga ranar ba na saka tabo ko ɗaya sai na iya faɗin daga inda ya fito. Kunkunniyar hayaƙi daga bakin salansa take farawa, ta fi baƙi a nan sannan ta riƙa dusashewa. Mai da giris daga ƙarƙashin kan farfela suke tsiyayowa, inda giyar inji take, su gangaro gefen murfin inji siriri-siriri. Ƙujewar fenti tana wurin da takalmi ke takawa da inda hannu ke kamawa, bakin ƙofa, matakala, maɓallan murfin da makanikai ke buɗewa kullum, sai kuma gaban fukafukan farfela da yashi ke ci in jirgi yana sauka a fili. Ƙura kuma ƙasa take, tayoyi da ciki da ƙasan bindi. Gilashi kuwa tas ake barinsa, Baba ya ce duk lalacewar jirgi ba matuƙin da zai yarda ya tashi da gilashi mai datti.

Yadda nake bi da shi yanzu, bayan launin jiki ya bushe sai in ɗiga ɗan fari ko ruwan ƙasa mai haske cikin ragowar fentin in fesa sama-sama a tsakiyar faifan jikin jirgi da ke kallon rana, rufi da saman bindi, don ranarmu cin fenti take yi, jirgin da ya shekara a filin Maiduguri ba zai yi kore shar kamar ranar da aka kawo shi ba. Sai banish mai sheƙi, sannan sitika. Wannan mai sheƙin dole ne, in ka manna sitika a kan fenti mai kaushi iska na maƙalewa a ƙarƙashi sai gefenta ya riƙa ƙyalli kamar azurfa, daga nesa ma za a gane manne ce. Sai wani banish ɗin a kai, sannan in zo wurin da na fi so.

Fentin mai irin na masu zane nake matsowa ɗan mitsitsi, baƙi da ruwan ƙasa, in tsinka shi sosai har ya koma kamar ruwan shayi, in tsoma siririn buroshi in taɓa layin da ke tsakanin faifai biyu. Taɓawa kawai. Sai ka ga ruwan ya kama gudu da kansa cikin layin, ya bi kwana, ya zagaye kan kusoshi ɗaya bayan ɗaya, jirgin da ɗazu yake kamar abin wasan yara sai ga shi yana fito da ƙasusuwansa. Shekara nawa ina yi amma har yanzu in na zo nan sai na kira yaro ya zo ya gani. A bar shi kamar minti 20, sannan a ɗauko tsinken audugar goge kunne mai ɗan danshin tina mai sanyi a share abin da ya fita layi, kuma sharewar sama zuwa ƙasa ake yi yadda ruwa ke gangara, ba zagaye ba. Kar kuma a cika ruwan a wurin gaɓoɓi masu siriri irin ƙafar taya, yana sa roba ta yi gautsi ta karye.

Ƙujewa da ɗan yagin soso nake yi, in tsoma a fenti ruwan toka in dangwala a takarda har ya kusa ƙarewa sannan in taɓa jikin jirgi. A nan lissafi na da amfani, milimita ɗaya a 1/72 santimita 7 ne da ɗoriya a jirgin gaske, wato ɗigon da kake rainawa ya kai rabin tafin hannu, in ka yi goma a ƙofa ɗaya ka mayar da ita ƙofar shagon faci. Hayaƙi kuma allin zane baƙi nake kankarewa ya zama gari in shafa da buroshi mai laushi, kaɗan-kaɗan, don ƙari yana da sauƙi ragewa ce wahala. Garin ƙura na kwalba da ake sayarwa waje ya yi min tsada, sai na koma ɗebo jar ƙasa in shanya in daka in tace da tsohon ɗankwali har sau uku in gauraya da alli, kuma gaskiya launinta ya fi dacewa da jiragenmu tunda ita ɗin ce dai suke sauka a kai. Ƙarshe banish marar sheƙi, a cire tef ɗin da aka rufe gilashi da shi kafin feshi, a ɗora farfela.

Farfela ma akwai abin lura, jirgi in yana ajiye fukafukansa sunkuyawa suke yi saboda nauyi, amma a wasu kwalayen miƙe suke zuwa sambal, sai in tsoma su a ruwan ɗumi in lanƙwasa a hankali duk su zo daidai. Ruwan ɗumi fa na ce, ba tafasasshe ba. Kuma ina roƙon masu saye kar a bar jirgi cikin mota a rana, wani ya karɓi nasa ya ajiye a gaban mota ya shiga ɗaurin aure, ya dawo min da shi fukafukai sun zube kamar ganyen ayaba wai in duba ko aikina ne bai yi kyau ba.

Ba kowa ke son wannan tsufarwar ba, kuma na daina musu. Wani babban mutum ya aiko a yi masa Agusta 109, wani jirgi ƙirar Italiya, na ɗan saka masa hayaƙi da ƙura daidai misali, da ya zo karɓa ya ɓata rai ya ce kuɗin sabo na biya ka ba ni na hannu? Na ce ranka ya daɗe ai haka yake a fili, ya ce shi ba fili zai kai ba falo zai kai. Haka na sake fesa shi fes yana ɗaukar ido, asarar kwana huɗu a kaina. Yanzu tun wurin ciniki nake ajiye guda biyu a gaban mutum, mai sheƙi da mai datti, in ce yallaɓai wanne? Na lura 'yan ofis da masu ba da kyauta mai sheƙi suke nunawa, waɗanda suka yi aiki da jirgin da hannunsu kuma kafin in rufe baki sun ɗauki mai dattin, har su ce ƙara mai a nan, namu ya fi haka yoyo. Kuɗin mai datti ya fi, don kwanakinsa sun fi, wannan ma sai na yi ta bayani.

Baba har yanzu yana leƙowa in ya shigo gari. Satin da ya wuce ya tarar ina kan wani Mi-17 na 1/48, yaro ya manna ƙaramar farfelar bindi a dama, yana shigowa ko zama bai yi ba ya ce wannan ai tsohon samfurinsa Mi-8 kuka yi, ta Mi-17 a hagu take. Gam ya riga ya kama, sai da na sa reza na yanke na huda na sa 'yar waya a ciki na mayar hagun, yanzu saura in gyara fentin wurin, mai shi kuma jibi zai aiko a karɓa.