Banbury, garin da shanu suka raya

Mutane da yawa in an ce Ingila sai Landan da Manchester kawai ke zo musu a rai, amma ni dai wallahi ƙananan garuruwan kasuwa sun fi burge ni, kamar Banbury da ke yankin Oxfordshire a bakin kogin Cherwell. Garin tsoho ne sosai, sunansa ma na cikin babban kundin ƙidayar ƙasa da aka yi a 1086 zamanin Sarki William, sannan a 1135 Bishop ɗin Lincoln ya gina ganuwa da fada a wurin, wacce aka rushe bayan yaƙin basasar ƙarni na 17.

To me ya tara mutane a nan? hanya ce kawai. Masu koro shanu daga Wales suna biyowa ta nan a ƙasa da garkensu za su kudu, dole su yada zango, in an yada zango kuwa ai ciniki ya samu, mai masauki ya ci, maƙeri ya ci, mai saƙa ma ya ci. Ɗaruruwan shekaru a tsakiyar titunan gari ake cinikin dabbobi, ka yi tunanin kashin shanu da ƙuda a ƙofar shagonka duk ranar kasuwa, sai a 1925 aka kwashe karar aka mayar kusa da tashar jirgin ƙasa. Ta bunƙasa har ana sa ta cikin mafi girma a Turai.

Kafin nan a 1778 an haƙo hanyar ruwa ta Oxford Canal ta iso garin, kwale-kwale na kawo kwal da araha daga wajen Coventry, jirgin ƙasa kuma ya shigo a 1850 ya ƙwace wa masu kwale-kwalen abinci. Ita kuwa shahararriyar hasumiyar gicciye ta cikin garin, wato Banbury Cross, da 'yan yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto a gabanta ba ta asali ba ce fa, ta asalin 'yan Puritan, wasu Kiristoci masu tsattsauran ra'ayi, suka farfasa a 1600, wannan ta yanzu a 1859 aka gina ta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne 1998 da aka rufe karar gaba ɗaya, yanzu gidaje ne a filin. Lokacin garin ya riga ya canza, masana'antar alminiyom ta zo tun 1931, a shekarun 1960 aka kwaso iyalai daga Landan aka gina musu unguwanni, ga kamfanin kofi da ya taso daga Birmingham, sai babbar hanyar M40 a 1991 ta jawo manyan sito-sito na kaya. Yau mutanen garin sun haura dubu 50 kuma da yawansu da safe jirgin ƙasa suke hawa su tafi aiki Oxford ko Landan, ana dai kafa rumfuna Alhamis da Asabar a dandalin kasuwa, kayan lambu da burodi da tufafi, babu ko saniya ɗaya.