Kukan masu tafiya aiki a kan keke, kamar yadda nake jin sa a rumfata

Idan mutum ya turo min kekensa da sassafe, kafin ya buɗe baki na san ta inda ya biyo. Wanda ya fito daga Rijiyar Lemo ko Kurna ya miƙo Titin Katsina, yashin gefen titi ne ke cinye masa sarƙa, sai ka ga giris ya cuɗe da ƙasa ya zama kamar tsaki. Ma'aikacin kamfani a Sharaɗa ko Bompai, ƙusa da guntun waya ke huda masa taya. Wanda kuwa ya zo da ƙafar gaba a lanƙwashe kamar faifai, yana ɗingishi, ba sai na tambaya ba: ramin kwalbati ya afka, inda aka ɗauke murfi aka bar baki buɗe. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina gyaran keke a Kano, kuma benci ɗaya gare ni, a kansa kowa ke zama ya amayar da abin da hanya ta yi masa.

Ina ɗan shekara goma sha biyu mahaifina ya kai ni wurin maigidana, Allah ya jiƙansa. Wata shida ban taɓa sifana ba. Aikina kawai in hura tif, in tsoma a kwanon ruwa, in sa ido sai na ga inda kumfa ke fita, in goge wurin, in shafa sholisho, in jira. Jiran nan shi ne darasin farko. Ranar da na yi gaggawa na manna faci sholisho bai sha iska ba, mai keken ko kwana bai sha ba ya dawo yana turawa. Maigida bai dake ni ba, cewa ya yi, "Yaro, ka mayar masa da kuɗinsa daga na abincinka." Ranar da yunwa na wuni, kuma har yau facina ba ya ɗagowa.

A lokacin Raleigh ke tashe, wanda ake haɗawa a nan Kano, sai Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya. A kan tsohon Raleigh na koyi ɗaurin ƙafa, mai sifok 32 a gaba, 40 a baya. Wannan shi ne aikin da nake alfahari da shi. Ka kifa keke, ka juya ƙafa, ka kafa babban yatsa kusa da bakin ƙarfen kana jin inda yake gogarka. Ka ɗan ɗaure nan, ka sassauta na ɗaya gefen, rubu'in juyi kawai, ka sake juyawa. Ina kaɗa sifok da farce ina sauraro kamar mai gyaran tsirkiyar garaya, wanda ya yi sako-sako muryarsa daban take. Yaran yanzu da sun ga ƙafa ta karkace sai su ɗora ta a ƙasa su taka da ƙafa, wai sun miƙe ta. Kwana uku ta koma yadda take.

Da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013 na zaci keke zai dawo da darajarsa, sai adaidaita sahu ya cike gurbin. Abin da ya dawo da shi sosai cire tallafin mai ne, ranar 29 ga Mayu 2023, da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kekunan da suka shekara goma a soro suna tara yanar gizo duk aka fito da su. Malaman makaranta, masinjoji, teloli, har da wani mai babbar riga da ya ajiye motarsa ya ce in taimaka in sa masa sirdi mai laushi.

Sababbin mahayan nan su suka fi ƙorafi, domin tsofaffin sun saba. Wani malamin firamare da ke zuwa min duk ƙarshen wata ya ce, "Malam, ni ba titi nake nema a gina min ba. Taku uku a gefe, a share yashi, a ja layi, a ce nan namu ne." Gaskiyarsa. Gefen titin da ya kamata mai keke ya bi, nan mai shara ke tara yashinsa, nan mai lemo ya kafa tebur, nan ɗan adaidaita zai yanko gabanka ya taka birki don ya hango fasinja. Ka kauce ka shiga tsakiya, mai tifa ya danna maka oda har hantarka ta kaɗa. Wani ɗan kasuwa da ke zuwa Wagadugu ya ba mu labarin yadda manyan titunansu ke da hanyar masu ƙafa biyu daban, an raba ta da ta motoci. Benci ya yi tsit kamar ana tatsuniya.

Sai gadojin sama. Mai mota yana murna da su, mai keke kuwa da buhun gawayi a kariya sai dai ya sauka ya tura, ko ya bi ƙasa ya yi ta kutsawa tsakanin motocin da ke juyawa. Da daddare ga duhu, da damina ga ruwa ya rufe rami, ba ka san zurfinsa ba sai ka ji ka a ciki. Ko minista bai tsira ba: a 2001 Ojo Maduekwe, yana ministan sufuri yana kiran mutane su hau keke, bas ta ture shi cikin rami a Abuja yana kan nasa keken.

Masu gadi da 'yan kasuwa kuma kukansu wurin ajiya ne. Mutum ya taka daga Hotoro har Kantin Kwari, ya rasa ƙarfe ɗaya kafaffe da zai ɗaura kekensa. A bakin wani ofis ma korar wani dattijo aka yi, wai keke yana ɓata musu gaban gini, alhali ga motoci an jera musu rumfa. Shi ya sa nake sayar da sarƙa da kwaɗo, ina kuma faɗa wa kowa ya zura ta cikin jikin keken da ƙafar baya. Wanda ya ɗaure ƙafar gaba kaɗai, ita zai tarar tana jiransa.

Wasu na tsokanata, wai in aka gyara hanya me zan ci? Na ce ai keke ko a kan darduma yake tafiya sai ya nemi giris da boris. Abin da ke hana ni barci kayan jabu ne. Tif da za ka hura ya tsage ta wajen ɗinki, sifok mai walƙiya da damina ɗaya ke mayarwa ja, robar birki da ke narkewa kamar sabulu. Kwalinsu iri ɗaya da na ƙwarai, har tambarin. Wani dila ya taɓa kawo min boris katan guda yana rantsuwa, na ɗora ɗaya a kan ƙarfe na buga guduma, ya baje kamar gyaɗa. Tun daga ranar, duk kayan da zai shigo rumfata sai na gwada shi a gaban mai shi. To amma ka sa wa mutum na ƙwarai, ya ce, "Haba Malam, can gaba rabin haka ake yi." Sai in ce Allah ya ba da sa'a, je ka can gaban. Bayan mako biyu ya dawo yana sosa ƙeya, aikin ya zama biyu, kuma ragin dai zai sake nema.

Abin da ke hannuna ina yi. Duk keken da ya shigo, ko faci kawai aka kawo shi, sai na matsa birkinsa na duba, domin rabin waɗanda ke zagin direbobi birkinsu na baya ado ne. Ina manna wa masu fita da asuba jan kyalli a madigadin baya, kyauta, in kuma lallashe su su sayi 'yar fitila mai caji. Malamin nan na firamare ya daɗe yana ƙi, yana cewa ya san hanyarsa ko ido rufe. Makon jiya ya zo da gwiwar wando a yage, ya zauna a benci bai ce komai ba, ya nuna fitilar da yatsa.