Girafin, tanda da sanyin Manchesta

Tunda na zo Manchesta karatun digiri na uku rayuwata kusan duk a ɗakin gwaji take. A Disamba ƙarfe huɗu na yamma bai cika ba duhu ya rufe gari, ga yayyafi ba dare ba rana, to ina mutum zai je? Turancin ’yan garin ma sai da kunnena ya saba, da farko kai kawai nake gyaɗawa.

Garin nan suna ji da girafin ba kaɗan ba, don a jami'arsu ne Andre Geim da Konstantin Novoselov suka fara ɓanɓaro shi daga sinadarin bakin fensir, wato giraf­ait da salatif a 2004, suka ci kyautar Nobel a 2010. Shi girafin shimfiɗa ce ta kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, tsarinta kamar saƙar zuma.

Mu dai a tanda muke haɗa namu. Ka yanko siririn fallen jan ƙarfe ka tura cikin bututu, zafi ya kai wajen digiri 1000, a saki iskar mitan da haidurojin, mitan ɗin ya tarwatse kabon ya kwanta a fuskar ƙarfen. Da ido ba za ka ga komai ba wallahi, sai an kai na'urar Raman, mai haska samfur da leza ta fitar da zane. A zanen, tudu a wajen lamba 1580 da 2700 shi muke nema, na 1350 kuwa in ya taso to akwai tawaya a jiki.

Inda aikin ke da ban haushi shi ne maganaɗisu. Lafiyayyen girafin ba ya jan komai, tunkuɗe maganaɗisu ma yake kaɗan. Sai in akwai gurbin da kabon ya fita, ko bakinsa ya yi zigizag, ko fulorin ya maƙale, nan ne ake ganin ɗan maganaɗisu, shi ma sai an sanyaya da ruwan hiliyam zuwa Kelbin 2, wato wajen digiri 271 ƙasa da sifili, a na'urar SQUID mai auna maganaɗisu. Ƙurar ƙarfe da ba ta kai a gani ba ta isa ta ba ka sakamako mai kyau na ƙarya. Shi ya sa in ka zo da murna malamina, wanda har yanzu bakina ke nauyin kiran sunansa gatsal yadda kowa ke yi, abin da zai fara tambaya shi ne da wane hantsaki ka ɗauki samfurin. In na ƙarfe ne, koma ka sake.