Abin da sunan waifai ya koya min

Kwanakin baya aka kira ni in haɗa waifai a wata makarantar Islamiyya a nan Kano, na gama jan waya na kunna rauta, wato na'urar da ke watsa waifai ɗin, sai shugaban makarantar ya ce, "Ɗana, sunan nan da zai riƙa fitowa a wayoyin mutane da Larabci nake so." Na ce Allah gafarta malam an gama. Wallahi abin ya burge ni, don ko'ina ka je sunan kamfanin rauta da lambobi kawai kake gani.

Ya rubuta min مدرسة تحفيظ القرآن الكريم, na ƙirga haruffa 22, kuma a sanina SSID, wato sunan waifai, yana ɗaukar 32, amma rauta ta ƙi karɓa sam. Ashe 32 ɗin nan ba haruffa ba ne, bait ne, wato ma'aunin gurbin da rubutu ke ci a na'ura. A tsarin UTF-8 da na'urori ke adana rubutu da shi, harafin boko bait ɗaya yake ci, na Larabci biyu, wato 22 sun koma 44, ga tazara uku tsakanin kalmomi, 47 kenan. Haruffa 16 ne iyakarka in babu tazara, kuma in ka sa wasali, fataha ko kisira ko rufu'a, kowanne biyu zai ƙara ci. Hatta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ namu na Hausa bibbiyu suke ci.

Muka rage shi zuwa مدرسة التحفيظ ya shiga, wayoyin malamai duk suka nuna shi tsaf. Matsalar sai ta ɓullo a ofis, firinta ta nuna akwatuna da alamomin tambaya, wata tsohuwar kwamfuta kuma ta fito da wasu haruffa da ba mai iya karantawa, dalili kuwa tun asali ƙa'idar waifai da ake kira 802.11 ba ta faɗi yadda za a karanta sunan ba, bait kawai rauta take turawa kowace na'ura ta fassara yadda ta ga dama, sai a bugun 2012 aka ƙara alamar da ke cewa wannan suna UTF-8 ne, su kuma tsofaffin kaya ba su san da zancen ba.

Malam ya so kalmar sirri ma ta zama Larabci, a nan na ba shi haƙuri, don a WPA2, tsarin tsaron waifai, haruffan boko da lambobi da alamomi 8 zuwa 63 aka tanada.

Da yawa masu irin aikina cewa za su yi a haƙura da Larabcin gaba ɗaya, ni ban yarda ba, rubutun da yaran nan ke karatu da shi kullum ya cancanci ya fito a wayarsu. Sai na buɗe suna na biyu da boko a rauta ɗin don firinta da kwamfutar ofis, na bar na Larabcin wa mutane. Yanzu duk inda aka kira ni, kafin in taɓa rauta sai na zagaya na ga kayan da za su hau waifai ɗin tukuna.