Rumfar wardi a garin ƙanƙara: inda na kwana bayan hunturu uku

Assalamu alaikum ƴan uwa masu koyon lambu, barkanmu da war haka. Kwana biyu shiru ko, wallahi hidimar yara da aiki ne suka sha kaina. Yau dai nace bari in zauna in rubuta muku inda aka kwana da maganar ƴar rumfata da furen wardi mai hawa, tunda da yawanku kun tambaya ko ya rayu, musamman waɗanda suke nan Kanada da arewacin Amurka irin su Minnesota inda sanyinmu kusan ɗaya ne.

Ga waɗanda basu san farkon labarin ba, a Otawa muke, gidan ƙarami ne, bayan gidan ma ba wani fili bane, in ka shanya zannuwa shida ya cika. Abban yara ne ya haɗa min ƴar rumfar katako mai kan baka a bakin hanyar shiga lambun, tsayinta mita 2 da ɗoriya, faɗi kamar mita 1 da kwata, mutum ɗaya ke wucewa a sake, biyu sai an goga kafaɗa. Ku riƙe wannan awon don shi ya yanke hukunci a ƙarshe.

Shekarar farko, asarar da nayi

A watan Mayu ne, bayan hutun Victoria da mutanen nan ke jira kafin suyi shuka, na shiga wani babban kanti naga wardi a tukunya da hoto a jiki, furen kamar an naɗe shi da hannu, fari da ruwan hoda a tsakiya, sunansa Eden, wasu na ce masa Pierre de Ronsard, ɗan Faransa ne. A takardar an rubuta zon 5, wato lambar da ke nuna yankin sanyin da shuka zata iya jurewa. Ni kuma an faɗa min Otawa zon 5 ce, shikenan nace faɗuwa tazo daidai da zama, na biya na ɗauko ko tambaya banyi ba.

Ya yi kyau a bazarar, ya miƙe kusan ƙuguna, ya bani fure kamar guda bakwai, na ɗauki hoto na tura gida har Hajiyarmu tana cewa wannan na roba ne. Sai hunturu yazo. Hunturun nan kun san ba irin na Kano bane da zaka sha kunu ka ja bargo ka kwanta, akwai daren da ake kaiwa digiri 25 ko fiye ƙasa da sifili, ga iska. Da Afrilu tayi ƙanƙara ta narke naje dubawa, sandunan duka baƙi ƙirin har ƙasa, ka kankare da farce babu kore ko kaɗan. Na jira har ƙarshen Mayu sai ga wani toho ya fito daga ƙasa da ƙarfinsa, ina ta murna, maƙwabciyata wata dattijuwa da ta fi shekara 40 tana shuka a unguwar ta leƙo ta katanga ta duba ganyen tace ƴata wannan ba naki bane, gindin da aka ɗora shi a kai ne.

Anan na gane abu biyu da ba wanda ya gaya min a kantin.

Na farko maganar zon ɗin. Ashe taswira biyu ce. Ta Amurka tana duba abu ɗaya ne kawai, wato matsakaicin sanyi mafi tsanani na shekara, zon 5 nasu daga kusan digiri 23 zuwa 29 ƙasa da sifili ne, zon 4 daga 29 zuwa 34, zon 3 har 40. Ta Kanada kuma ana haɗa abubuwa da yawa, tsawon kwanakin da babu daskarewa, ruwan sama, zurfin dusar ƙanƙara, iska. Lambar ba ta zuwa ɗaya, sau da yawa 5 ɗin Kanada ya fi kusa da 4 ɗin Amurka, kuma yawancin takardun da ke jikin tukwane lissafin Amurka ne. To kunga tun daga nan na riga na zame.

Na biyun shi yafi muhimmanci, kuma in ba zaku ɗauki komai daga rubutun nan ba ku ɗauki wannan. In an ce wardi zai rayu a zon kaza, sau da yawa nufinsu saiwar ba zata mutu ba, zai sake tohowa daga ƙasa. Ga gajeren wardi na cikin kwami wannan ya isa, dusar ƙanƙara tana lulluɓe shi kamar bargo ya kwana lafiya. Amma mai hawa rumfa jarinsa duka a sama yake, sandunan da ya tara bara su zasu fitar da rassan fure bana, kuma suna can mita 2 a cikin iska babu abin da ya rufe su. In duk shekara suna mutuwa zuwa iyakar inda ƙanƙara ta kai, to har abada rumfar a tsirara zata zauna, kullum kana farawa daga gwiwa. Don haka tambayar da ya kamata kayi wa mai sayarwa ita ce, sandarsa tana tsallake hunturu a tsaye ba tare da an kwance ta an binne ba? Akwai masu kwance sandunan duk Nuwamba su kwantar a ƙasa su rufe da ƙasa da ganye, yana aiki, amma ni na san kaina, shekara ɗaya zanyi in gaji.

Maganar gindi kuma mu ba baƙon abu bane, mangwaron aure ne dai. Ana ɗaukar ido daga mai kyaun fure a ɗora kan gindin wani mai ƙarfi, in sanyi ya kashe na saman sai na ƙasan ya fito da nasa halin. Mai saiwar kansa kuwa, wanda aka dasa daga yankan reshe, ko ya mutu har ƙasa abin da zai fito shi ɗin ne dai. In dole sai mai aure zaka saya, ka binne ƙullin auren kamar santimita 5 zuwa 10 cikin ƙasa, ni a waje na bar nawa yana shan iska.

Shekara ta biyu, zaɓe

Dattijuwar nan ce tace in daina kallon hotuna inje gonar gwaji ta gwamnati da ke tsakiyar Otawa, akwai lambun furanni kyauta ake shiga, in ga jerin wardin da ake kira Explorer da idona. Ashe a nan garin aka ƙirƙire su. Wata masaniya ce, Dakta Felicitas Svejda, haifaffiyar Ostiriya, tazo Kanada a 1953, ta shafe shekaru tana haɗa iri a wannan gonar tana barinsu a fili ba rufi, wanda ya tsallake hunturu shi ake ci gaba da shi, ta rasu a 2016. Masu hawan cikinsu jininsu ya haɗa da wani iri da ake kira kordesii daga gidan Kordes na Jamus, sunayensu kuma na Turawan da suka yi yawon gano ƙasa ne ta ruwa da tudu, shi yasa zakuji sunaye kamar na mutane.

Naje ƙarshen Yuni da ƴar tef ɗin awo a jaka, yara suna ta min dariya. Guda huɗu na sa a ido.

William Baffin, na 1983, shi kowa ke fara ambata in ana maganar jure sanyi, har a zon 3 sandarsa na tsayawa, ciwon ganye ma bai cika damunsa ba. Furen ruwan hoda mai turuwa, buɗaɗɗe, tsakiyar rawaya, ƙamshi kusan babu. Gaskiya da kunne kawai nayi zaɓen shi zan ɗauka. Amma da na tsaya a gabansa sai jikina yayi sanyi, abu ne kamar ɗaki, yana kai mita 3, faɗinsa ma ba wasa ba, sandunan kauri kamar muciya kuma a miƙe suke basa son lanƙwasa. Wannan na katanga ne ko babbar rumfa mai ginshiƙin ƙarfe. A kan tawa, shekara huɗu zai haɗiye ta, ya tare hanya, duk mai wucewa ya bar masa gyale. Naga mutane da yawa suna ba sababbin koyo shawararsa ba tare da sun tambayi girman wurin ba, ni dai ban yarda da hakan ba.

John Cabot, na 1978, furensa yafi cika, launin ya ɗan karkata zuwa ja, yana da ɗan ƙamshi, amma ƙaya kamar sarƙaƙiya, shima ƙato ne. Hanyar da yara ke gudu da keke, a'a. Henry Kelsey na 1984 ja ne mai kyau da rawaya a tsakiya, sandarsa na son kwanciya, ya so ya ja hankalina, sai dai an fi kuka da shi kan baƙin tabon ganye kuma bakin sandunansa na ɗan ƙonewa a sanyi fiye da Baffin.

Sai John Davis, na 1986. Tsayinsa mita 2 zuwa 2 da rabi, sandunan sirara ne masu ɗan ja, suna lanƙwasa kamar tsumagiya, furen ruwan hoda mai cika irin na da, a dunƙule suke fitowa da yawa a reshe ɗaya. Bai kai Eden kyau ba, kar in muku ƙarya, amma a cikin masu iya zama da mu shi yafi kama da abin da zuciyata ke so tun farko, kuma awonsa yazo daidai da rumfar. Na samo mai saiwar kansa a wani ƙaramin wurin renon shuke-shuke a wajen gari, ɗan tsurut a tukunya, har Abban yara yana cewa wannan tsinken kika ba kuɗi.

Na dasa farkon Yuli. Ƙasarmu laka ce mai riƙe ruwa, na haƙa rami mai faɗi na gauraya da ruɓaɓɓen taki, na ja shi kamar santimita 40 daga ƙafar rumfar don saiwa ta samu wuri, gefen da rana ke kaiwa awa 6 ko fiye. Ruwa sosai sau biyu a sati, a gindi ba a ganye ba. Shekarar nan kusan ba abin da yayi a sama, duk aikin a ƙasa yake.

Hunturu na biyu kuma ba sanyi ne ya cuce ni ba, zomaye ne. Da ƙanƙara ta taru sai ta zame musu tsani, suka gwaguye ɓawon sanda biyu zagaye, kuma sandar da aka cire wa ɓawo zagaye ta mutu kenan daga nan zuwa sama. Tun daga lokacin ragar waya mai ƙananan ido nake zagaya masa, tsayi mita 1, in ɗan tura ƙasanta cikin ƙasa saboda ɓerayen da ke bi ta ƙarƙashin ƙanƙara.

Shekara ta uku, ɗauri

Abin da ya bani mamaki, wardi baya hawa da kansa. Ni da na saba da soso da duma da ke kama danga su naɗe da ƴan zarensu, na zata haka zaiyi, ashe shi sai dai ya miƙa sanda yana lilo, kai zaka ɗaure. Kuma yadda ka ɗaure shi ke nuna inda fure zai fito. In ka bar sanda ta tafi sama ɗoɗar, ƙarfin duka can ƙarshenta yake tafiya, fure a ƙoli kawai, ƙasa fayau. In ka kwantar da ita ko ka karkata ta, idanun da ke jikinta duka sai su farka kowanne ya fitar da reshen fure. A faffaɗar katanga wannan da sauƙi, a siririyar rumfa babu wurin kwantarwa, sai dai ka bi da ita zikzak ko ka naɗa ta a jikin ƙafar rumfar kamar matakalar hasumiya. Anan na gode wa Allah da ban ɗauki Baffin ba, John Davis tun sandar na ɗanya sai ta bi hannunka. Tsofaffin atamfa na yayyaga nake ɗauri dasu, sako-sako, waya na yanka ɓawo. Ban datse komai ba sai abin da ya mutu. Taki kuma daga ƙarshen Yuli na tsaya, don sabon toho na ƙarshen bazara baya samun ƙwari kafin sanyi.

Bana

Da Afrilu na fita da almakashi gabana na faɗuwa, na fara kankara daga sama. Kore, kore, kore. Ƴan ƙarshen da suka ƙone basu wuce tsawon yatsa ba. Ƙarshen Yuni ya buɗe, gefen hagu tun daga gwiwa har kan bakan rumfar ba ka ganin katako, kusan sati uku ana haka, dattijuwar ma sai da ta zagayo ta shigo ta tsaya a ƙarƙashi.

Aibinsa kuma ga su. Ƙamshin kaɗan ne, sai ka kai hanci da safe, ni da nake mafarkin ƙamshi irin na ruwan wardi ban samu ba. Zubin farko ne mai yawa, bayan nan sai jefi-jefi har Satumba. In rana tayi zafi launin na koɗewa da wuri. Ga ƙwaron nan mai sheƙi da ake kira na Japan, Yuli na yi suka sauka, kullum da sassafe nake fita da kofin ruwan sabulu ina kaɗe su ciki tun basu warware ba. Baƙin tabo ya ɗan taɓa ganyen ƙasa a Agusta, na tsince na zuba a shara, ban sa a takin gida ba.

Yanzu Oktoba, na daina cire busassun fure, na ƙara ɗaure dogayen sandunan kar iska ta riƙa kaɗa su, ragar zomaye zata koma wannan satin in sha Allah. Gefen dama har yanzu fayau yake, sanda biyu kawai suka tsallaka bakan suka fara gangarowa. Abban yara na cewa a saka ja a can, Quadra yake so, na 1994, mai cikar fure, ni kuma ina ganin a bar John Davis shekara ɗaya tukuna a ga iya inda zai sauko, don in su biyu suka haɗu a sama ban san ko katakon nan zai ɗauka ba, tun yanzu ma ƙafa ɗaya ta fara ɗan motsi, sai an ƙara mata turke kafin ƙasa ta daskare. Wanda ya taɓa haɗa biyu a rumfa mai wannan awon dan Allah ya faɗa min yadda ta kaya.