Horon da ya kai darasin tattalin arziki bakin kasuwa a Garwa

Ina koyar da ilimin tattalin arziki a sashen kasuwanci na wata makarantar sakandaren fasaha a Garwa, a arewacin Kamaru. Littattafan da muke aiki da su da Faransanci suke, kuma yawancin misalan cikinsu daga Turai aka ɗauko su. Ɗalibaina suna haddace ma'anar hauhawar farashi ba gargada, suna zana layin buƙata da layin samuwar kaya har su haɗu a tsakiya. Amma idan ka tambayi yaro dalilin tsadar albasa a damina, sai ya ba ka amsar da ya ji daga bakin babansa, wadda sau da yawa daidai take, kuma bai san ita ce abin da ya zana a takardarsa ba. Wannan giɓin ne ya daɗe yana damuna kafin sufetocin koyarwa na yankinmu su kira mu taron ƙara wa juna sani.

Mun haɗu da malamai daga Gidar, da Pitowa, da Lagdo. Manufar taron ita ce tsarin koyarwar da Ma'aikatar Ilimin Sakandare ta ɗora mu a kai, wanda ke son a fara darasi da matsalar da ɗalibi ya sani a rayuwarsa, a bari shi ya lalubo mafita kafin malam ya kawo ƙa'ida. Mun sha jin wannan a takarda. Abin da ya bambanta a wannan karon shi ne malamar da ta jagoranci rukuninmu, dattijuwa ce da ta daɗe a aji, ta hana mu buɗe littafi. Ta ce kowa ya kawo abu ɗaya da ya faru a garinsu wanda ya taɓa aljihun mutane, mu gina darasi a kansa.

Ni na kawo zuwa-zuwa, man fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin titi. Duk ɗan Garwa ya san abin da ya biyo bayan ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabin rantsuwarsa. Ba a ɗauki lokaci ba kuɗin kwalba ya tashi a nan, 'yan acaɓa suka ƙara kuɗin hawa, masu babur da suka daɗe ba su leƙa gidan mai ba suka koma can. Malamar ta saurare ni, sannan ta ce, "Malam, labarin ya yi. To ina tambayar da za ka ba yaran?" A nan aikin yake, kuma a nan muka fi daɗewa. Tambayar da muka tsaya a kai ita ce: gwamnatin Najeriya ce take biyan tallafin, to ta yaya ɗan acaɓa a Garwa yake cin moriyarsa, kuma wa ya yi asara da aka cire shi? Daga wannan tambaya ɗaya yaro zai kai ga bambancin farashi tsakanin kasuwanni biyu, da dalilin fasa-ƙwauri, da yadda kaya biyu ke maye gurbin juna. Sai mu ƙara masa da abin da ya faru a gida: a Fabrairun 2023 litar fetur a gidajen man Kamaru ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 kuma ta kai 840. Yanzu yana da farashi biyu da ke motsi, sai ya faɗa mana inda mai babur zai nufa.

Da na dawo aji na gwada shi kamar yadda muka tsara. Yaran da ba su cika magana ba su ne suka fi kowa bayani, domin wasunsu da hannunsu suke ɗura man a kwalba bayan an tashi daga makaranta. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai ba cire tallafin kaɗai ba ne, naira ma ta faɗi." Gaskiya ya faɗa, don a Yunin wannan shekarar aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja, kuma faɗuwarta tana rage wa mai riƙe da sefa zafin tsadar. Abu biyu ke ja ta fuska biyu, yaro ɗan shekara goma sha wani abu ya gano su da kansa. Ni dai sunayen da jarrabawa ke nema na ɗora a kan abin da ya riga ya gane.

Darasin canjin kuɗi ne ya fi amfana da horon. Da can nakan rubuta cewa darajar sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957 tun 1999, kuma babban bankin BEAC da ke Yawunde ne ke fitar da ita ga ƙasashe shida: Kamaru, Chadi, Afirka ta Tsakiya, Kwango Brazzaville, Gabon da Ikwatoriyal Gini. Yara su kwafa, shi ke nan. Wani abokin aikinmu a taron ya ba da shawarar a tura su gida su tambayi manya abin da suka gani a Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Na yi hakan, kuma abin da suka dawo da shi ya fi ƙarfin darasi ɗaya. 'Ya'yan ma'aikata sun kawo labarin albashin da aka zaftare sau biyu a 1993, sannan magani da kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. 'Ya'yan manoman auduga sun kawo wani labarin dabam, domin kayan da ake fitarwa waje sun ƙara kawo sefa, sai dai taki shi ma daga waje yake zuwa. Hukunci ɗaya na karya darajar sefa aka yanke a Dakar, gida biyu a unguwa ɗaya suka ji shi daban. Ban san wata hanya da ta fi wannan nuna wa yaro cewa kowace manufar tattalin arziki tana da mai ci da mai biya ba.

Auduga ma darasi ce a bakin ƙofarmu, tunda hedikwatar SODECOTON, kamfanin auduga na Kamaru da aka kafa a 1974, a Garwa take. Manomi yana karɓar taki da maganin ƙwari bashi ta hannun ƙungiyarsu, a cire kuɗin idan ya kai audugarsa sikeli, 'yan ƙungiya kuma suna tsaya wa juna. Da wannan nake koyar da bashi da lamuni. Da adashen iyayensu mata nake buɗe darasin tanadi kafin mu zo ga banki.

Akwai abin da ban yarda da shi ba a taron, kuma na faɗa a can. Wasu sun ɗauka tunda an ce a fara da rayuwar yaro, to an sallami lissafi da zane. Ina ganin wannan cutar da ɗalibi ne. Hirar kasuwa kowa ya iya ta, kuma ba ita za a tambaye shi a jarrabawar bakaloriya, ta kammala sakandare, ba. Idan ajin ya ƙare a labari, ba a zana jadawali ba, ba a fitar da kashi nawa cikin ɗari farashi ya ƙaru ba, to an yi taɗi ne kawai. Shi ya sa na raba ɗalibaina rukuni-rukuni, kowane rukuni da kayan da yake bi: masara, albasa, gyaɗa, sukari. Duk mako suna rubuta farashi a wurin mai sayarwa ɗaya, da mudu ɗaya, don kada ma'auni ya ruɗe su. Bayan 'yan watanni suka lissafa ma'aunin farashi na ajinsu. Masu bin albasa sun ga faɗuwarta da kakar rani ta shigo, suka tambayi dalilin da ya sa manomi ke sayarwa a lokacin da ta fi araha. Amsar ta kai mu ga rashin wurin ajiya mai kyau, da ruɓewa, da bashin da ke jiran manomi tun kafin ya cire ta daga ƙasa.

Maganar harshe kuwa ba a warware ta a horon ba. A aji Faransanci ne doka, amma idan yara suka koma rukuninsu, da Fulatanci da Hausa suke gardama. Na daina hana su. Sharaɗina ɗaya ne: abin da za a gabatar a gaban allo da abin da za a rubuta, da harshen jarrabawa za a yi shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan an watse ba wanda ya biyo mu aji ya ga yadda abin ke tafiya. Irin wannan koyarwa tana cin lokaci, ajujuwanmu cike suke maƙil, manhaja kuma ba ta jira. Malamin da aka ba sabuwar hanya aka bar shi shi kaɗai, kafin zango ya ƙare zai koma karanto wa yara suna rubutawa, kuma ba zan ga laifinsa ba. Mu da muka yi rukuni ɗaya mun buɗe zaure a WhatsApp, duk wanda ya shirya darasi sai ya saka, sauran su gyara masa. Malamin Pitowa ne ya kawo mana darasin kasuwar shanu, da rawar dillali wajen haɗa mai saye da mai sayarwa. Yanzu muna neman sufeto ya amince mu riƙa shiga ajin juna ko da sau ɗaya ne a zango, mun kuma rubuta masa takarda a kan haka.