Neman barikin sojan ruwa da sansanin Jamusawa a tsofaffin fayiloli

Wanda duk zai binciki tarihin barikin sojan ruwa na Apapa da sansanin da aka tsare Jamusawa lokacin yaƙin Hitila, ya fara rubuta 1956 a bangon littafinsa. Ran 1 ga Yuni na wannan shekarar aka kafa rundunar sojan ruwa ta Nijeriya. Kafin nan babu ita. Na yi aikin ne daga nan Samaru don wata takarda da zan gabatar, kuma yawancin lokaci da kuɗin motar da suka salwanta sun tafi ne wajen neman takardun rundunar da ba a kafa ba tukuna. Har yau abin yana ci mini rai.

Abin da ke akwai lokacin yaƙin ma'aikatar farar hula ce, Ma'aikatar Marin, wadda ta samu a 1914 da aka haɗe ta Kudu da ta Arewa mai mazauni a Lakwaja. Ita ke yasar koguna, ita ke kula da fitilun jagora da jiragen gwamnati, da yaƙi ya zo kuma mutanenta suka shiga sharar nakiyoyi a bakin tashar Ikko. A 1955 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta karɓi babban ɓangaren aikinta, daga cikin ma'aikatanta aka ɗebi sojojin ruwa na farko, aka buɗe musu makarantar horo mai suna Quorra a Apapa a 1957. Saboda haka duk abin da ya shafi wurin kafin 1956, a ƙarƙashin Marin za ka neme shi, ko a wasiƙun sakatariyar Ikko, jerin CSO 26 da ke gidan adana takardu na Badun. Gidan adana takardu na Kaduna na da SNP, wato fayilolin sakatariyar Lardunan Arewa, da ZARPROF na Lardin Zazzau, masu daraja ƙwarai kan ɗaukar soja da Daffo na Zariya da aka kafa a 1924, amma harkar bakin teku ba ta Razdan ɗin Zazzau ba ce.

Sansanin ma haka ya ɓoye, har ya fi. Jamusawan da ake magana yawancinsu ba soja ba ne. Masu gonakin ayaba da roba ne a Kamarun Ingilishi, wajen Tiko da Biktoriya, waɗanda suka sake sayen gonakinsu a gwanjon da aka yi a Landan a 1924. Bayan Faransa ta faɗi a Yunin 1940, Italiya kuma ta shiga yaƙin ran 10 ga watan, aka tattara su. Ina aka kai su? Makaranta. Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, wadda aka buɗe a 1929, ita aka rufe a 1940, aka rarraba ɗalibanta zuwa wasu makarantu, ɗakunan kwanansu suka koma wurin tsare Jamusawa da Italiyawa. Sai 1943 aka sake buɗe ta. To, ginin na Ma'aikatar Ilimi ne, gyaransa na Ma'aikatar Ayyuka, dukiyar waɗanda aka tsare kuma tana hannun jami'in da ke riƙon kadarorin abokan gaba. Akawun zamanin yana ajiye takarda ne a ofishin da ya kashe kuɗin. Ka bi ofisoshin nan uku ɗaya bayan ɗaya, a Badun da Inugu. Gonakin kuwa su ne daga baya suka zama CDC, kamfanin gonakin gwamnati na Kamaru, don haka tarihin wannan kamfani wata ƙofa ce.

Kada kuma ka haɗa fursunan yaƙi da farar hular da aka tsare, don doka ba ta haɗa su ba. Yarjejeniyar Janeba ta 1929 soja ta shafa. Ta farar hula sai 1949. Jerin sunayensu daban, fayilolinsu daban. A lokacin ƙasar Siwizalan ce ke wakiltar Jamus a ƙasashen Ingila, ita da Red Cross ke da hurumin duba irin waɗannan sansanoni, rahotanninsu kuma sun fi na gwamnati faɗin abinci da cunkoso da rashin lafiya. In zaren mutum ya yanke maka a ƙarshen 1940, kada ka ɗauka ya mutu. Da yawa an ɗora su a jirgi zuwa Jamaika, sansanin Up Park a Kingston.

Inda ruwan da tsarewar suka haɗu shi ne Janairun 1942. Daren 14 ga watan, wasu sojojin Ingila ƙarƙashin Manjo March-Phillipps suka shiga tashar Santa Isabel a tsibirin Fanando Po da jiragen ja guda biyu na gwamnatin Nijeriya, Vulcan da Nuneaton, da yardar Gwamna Bourdillon. Suka tsinke sarƙoƙi da nakiya, suka jawo jirgin Italiya Duchessa d'Aosta da Likomba na Jamus har Ikko, da ma'aikatan da suka tarar a ciki. Tsibirin na Sifen ne, Sifen kuwa ba ta cikin yaƙi, shi ya sa Ingila ta ce a tsakiyar teku jirginta HMS Violet ya ci karo da su. Wannan ƙaryar ce a takardun hukuma na lokacin, da hatimi da sa hannu. Gaskiyar tana gidan adana takardun Ingila da ke Kew, a jerin HS 3, wanda sai bayan shekaru da dama aka buɗe. Kundin Kew kyauta ne a intanet, kana zaune a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello za ka iya tace CO 583, wasiƙun Ma'aikatar Mulkin Mallaka kan Nijeriya, da WO 173, bayanan rundunonin Afirka ta Yamma, ka fitar da lambobi kafin ka biya ko sisi.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke kayar da mutum. Biktoriya yau Limbe ce, Santa Isabel Malabo, Fanando Po kuma Biyoko. Shi kuwa kundin, tsohon suna kawai ya sani. Sunan Bajamushe guda akawu zai iya rubuta shi iri uku, don haka ka riƙe garin da aka kama shi da sana'arsa. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa nan Zariya a Janairun 1939, za ta ba ka yadda aka gaya wa mutanenmu labarin yaƙin, amma jaridar gwamnati ce a lokacin tace labarai.

Ka tafi da wasiƙar gabatarwa daga sashenku, da fensir, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya. Ka fara ɗaukar hoton bangon fayil, don nan ake rubuta lambobin fayilolin da suka gabace shi da waɗanda suka biyo, su ne za su kai ka na gaba. Ƙananan bayanan da jami'ai ke yi wa juna a shafukan farko sun fi wasiƙar kanta magana. Da hunturu takardar na bushewa ta yi ƙaras, sai ka sa tafin hannu ƙarƙashinta ka juya, kada ka kama kusurwa.